Ɗana ya sa hoton Hitila a wayarsa, wai jarumi ne

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce, kuma malamar firamare. Ɗana na fari shekararsa 19, yana aji ɗaya a jami'a. Tun da aka soma yaƙin Gaza yaron ya canza mini. Ya sa hoton Hitila a fuskar wayarsa, kullum yana tura wa ƙannensa da abokansa wata magana da aka ce Hitila ya faɗa, wai da ya so da ya ƙarar da Yahudawa gaba ɗaya, amma ya bar kaɗan don duniya ta gane dalilin da ya sa ya kashe sauran. In na yi masa magana sai ya ce Hitila ne ya fitar da Jamus daga talauci, shi ne ya yaƙi Turawan da suka mulke mu, yana ƙaunar Musulmi, kuma zancen kashe Yahudawa miliyan shida ƙaryar waɗanda suka ci yaƙi ce. Na san tarihin Yaƙin Duniya na Biyu daidai gwargwado, kakana ma yana cikin waɗanda aka kai Bama, amma yaron yana kawo mini bidiyo da hotuna, ni kuwa ba ni da amsa. Malam, akwai gaskiya a abin da yake faɗa? Hankalina ya tashi, ina tsoron inda wannan zai kai shi.

Wata uwa daga Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Kin yi daidai da kika damu, kin kuma yi daidai da ba ki yi shiru ba. Na daɗe ina koyar da tarihin Turai, kuma yanzu da wuya mako ya wuce ban ci karo da irin ɗanki ba, a aji ko a majalisa ko a waya. Yawancinsu yaran kirki ne. Sun ga gawarwakin ƙananan yara a Gaza, zuciyarsu ta yi zafi, sai aka samu wasu marasa tsoron Allah suka miƙa musu guba a matsayin magani.

Bari in fara da inda yake da gaskiya, don kada ki ɓata ƙarfinki wajen yi masa gardama a kai. Ingila da Faransa ba su fito daga wannan yaƙi da hannu mai tsabta ba. A 1943 yunwa ta kashe mutane wajen miliyan uku a Bengal ƙarƙashin mulkin Ingila. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka ta Yamma a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, mutanen da suka dawo daga yi mata yaƙi suna neman haƙƙinsu. Ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke murnar faɗuwar Jamus, aka soma kisan Setif a Aljeriya, wanda ya ci dubban rayuka. Mu ma nan an kwashi talakawa an kai su aikin tilas haƙar kuza a Jos a shekarun yaƙin. In ya kawo waɗannan, ki ce masa haka ne. Amma muguntar kura ba ta mai da damisa abokin akuya ba.

Zancen tattalin arziki ba zai ɗauke mu lokaci ba. Gaskiya ne a 1932 Jamusawa wajen miliyan shida ba su da aiki, kuma adadin ya faɗi bayan 1933. Ta yaya? Da ƙera makamai, da tilasta wa matasa shiga soja daga 1935, da bashin ɓoye ta wasu takardu da ake kira Mefo, wanda ya kai kuɗin Jamus biliyan 12 zuwa 1938. An rushe ƙungiyoyin ƙwadago tun 2 ga Mayu 1933, ma'aikaci ba shi da bakin neman ƙarin albashi. Mutane fiye da 300,000 suka yi ta zuba adashen sayen motar talaka da aka yi musu alkawari, ba a ba ko ɗayansu mota ba, masana'antar ta koma ƙera motocin soja. Irin wannan arziki ba ya tsayuwa sai da ganima, shi ya sa aka bi dukiyar Yahudawa, aka bi zinariyar Ostiriya da ta Cekosulobakiya, daga nan sai yaƙi. Shekara 12 ya yi yana mulki. Ya bar Jamus a rushe, an raba ta, miliyoyin 'ya'yanta a kabari. A Maris 1945 ma umarni ya bayar a lalata gadoji da masana'antu da tashoshin wutar ƙasarsa, ko oho da abin da waɗanda suka rage za su rayu da shi.

Sai batun cewa ya yaƙi masu mulkin mallaka. A nan ba sai mun nemi shaidar maƙiyansa ba, bakinsa ya isa. A littafinsa Mein Kampf, wanda ya fito juzu'i biyu a 1925 da 1926, ya rubuta cewa ya fi son ganin Indiya a hannun Ingila da a ce tana hannun wani, ya yi wa masu fatan Masar za ta kori Ingila ba'a, ya kira haɗin kan al'ummomin da aka danne taron guragu. A cikin littafin nan dai ya yi magana a kan baƙar fata da ya yi karatu ya zama lauya, ya ce hauka ne kuma laifi ne a yi ta horar da wanda aka haifa rabin biri. Ɗanki, ɗalibin jami'a, shi ake nufi da wannan jimla. Ni ma malaminsa ni ake nufi.

Kuma bai tsaya ga rubutu ba. Dokokin Nuremberg na 1935 da suka hana aure tsakanin Jamusawa da Yahudawa an faɗaɗa su a shekarar suka haɗa da baƙar fata. A 1937 aka tattara yara kusan 400 a yankin Rhine, waɗanda iyayensu mata Jamusawa ne, iyayensu maza kuma sojojin Faransa ne 'yan Afirka da sauran ƙasashen da ta mallaka, aka yi musu aikin hana haihuwa da ƙarfi. Da sojojinsa suka shiga Faransa a 1940, a wurare da dama sai su ware fursunoni farare gefe guda, su harbe baƙaƙen. Masana sun ƙiyasta waɗanda aka kashe haka tsakanin 1,500 da 3,000. A Chasselay kusa da Lyon, ranar 19 da 20 ga Yuni 1940, haka aka yi wa sojojin da ake kira 'yan Senegal, waɗanda a zahiri daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa aka ɗebo su, da yawansu Musulmi. Maƙabartarsu tana nan har yau, da jan katanga irin ginin ƙasar Mali. Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, an harbe shi ranar 7 ga Yuni 1940 bayan ya miƙa wuya, saboda ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar takwarorinsa farare. Jam'iyyar Nazi tana da ofishi sukutum na shirin karɓo Kamaru da Togo da sauran ƙasashen da Jamus ta rasa bayan Yaƙin Duniya na Farko, a kuma faɗaɗa su. Abin da ya haɗa shi faɗa da Ingila shi ne wa zai riƙe bulala, ba a taɓa yin zancen ajiye ta ba.

Ƙaunar Musulmi fa? Hoton da ake yawo da shi na Hitila da Muftin Ƙudus, Amin al-Husaini, hoto ne na gaske. Sun gana a Balin ranar 28 ga Nuwamba 1941. Abin da ba a rubutawa a ƙarƙashin hoton shi ne muftin ya roƙi Hitila ya fito fili ya goyi bayan 'yancin Larabawa, Hitila ya ce lokaci bai yi ba. Ba zai ɓata wa gwamnatin Faransa ta Vichy, mai biyayya ga Jamus, rai ba, kuma ya riga ya bar wa abokinsa Musolini yankin Bahar Rum, Musolinin da gwamnatinsa ta rataye Umar Mukhtar a Libiya ranar 16 ga Satumba 1931, ta kuma zuba wa Habashawa iskar guba bayan mamayar 1935. Gaskiya ne an ɗauki Musulmi a rundunar Jamus, musamman bayan da yaƙin Rasha ya soma cinye maza aka shiga neman ko wane ne zai riƙe bindiga. Amma a farkon wannan yaƙi, a 1941, an harbe fursunoni Musulmi daga rundunar Sobiyet don kawai an same su da kaciya, aka zaci Yahudawa ne. Albert Speer, ministansa na makamai, ya ruwaito cewa Hitila kan yabi Musulunci a hira a matsayin addinin mayaƙa, amma a wannan hirar ce yake cewa Larabawa ƙasƙantaccen jinsi ne. Yabon makami ne, irin wanda mutum ke yi wa takobin da yake so ya ara.

Ga kuma abin da ya kamata duk mai kukan Falasɗinu ya sani. Ƙidayar 1931 ta nuna Yahudawa wajen 175,000 ne a Falasɗinu. A Agusta 1933 gwamnatin Hitila ta ƙulla yarjejeniyar Haavara da ƙungiyar 'yan Sahayoniya ta Jamus, masu fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, don Yahudawa su fice su tafi Falasɗinu da wani ɓangare na dukiyarsu. A 1935 kaɗai fiye da 60,000 suka shiga ƙasar daga Turai. Bayan yaƙi kuma, dubun dubatar waɗanda suka tsira suka rasa gida da dangi, ƙasashe da dama suka ƙi buɗe musu ƙofa, wannan ya taimaka wajen kai Majalisar Ɗinkin Duniya ga ƙudurin raba ƙasar a Nuwamba 1947. Fafutukar Sahayoniya ta girmi mulkin Hitila, alkawarin Balfour, wanda Ingila ta yi na samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, tun 1917 ne, amma wutar da ya kunna a Turai tana cikin abin da ya ƙone gidan Bafalasɗine.

Yanzu in zo kan maganar nan da yake turawa, don ita ce ta fi ci mini rai, kuma ita nake gani kullum. Hajiya, wannan magana ƙirƙirarriya ce. Babu ita a littafinsa, babu ita a jawabansa, babu ita a hirarrakinsa na cin abinci da aka rubuta, babu ita a wasiyyarsa. Babu rana, babu wuri, babu wanda ya ce ya ji. A intanet aka haife ta, a intanet take yawo, ana fassara ta daga wannan harshe zuwa wancan. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu al'umma ce da ta gaji ilimin isnadi. Yaron da ya yi islamiyya ya san in aka ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗi kaza, tambaya ta farko ita ce wa ya ruwaito, daga wa. Malamanmu na farko sun yi tafiyar watanni don tantance hadisi ɗaya. Jikokinsu kuma sai a liƙa musu rubutu a jikin hoto, a sa kiɗa mai tayar da tsikar jiki, su karɓa su tura wa mutum ɗari kafin sallar la'asar. Ina muka kai ayar nan ta Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo muku da labari ku bincika?

Ko ba a duba littafi ba, tarihin kansa ya ƙaryata ta. Hitila bai bar kowa da gangan ba. Daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli 1944, lokacin da Jamus ke shan kashi gabas da yamma, sojojin ƙawance sun sauka Normandy a gaɓar Faransa, ana buƙatar kowane tarago don kai kayan yaƙi, a lokacin ne aka loda Yahudawan Hangare wajen 437,000 a jiragen ƙasa, mafi yawansu zuwa sansanin kisa na Auschwitz a Polan. Da sojojin Sobiyet suka matso, sai aka tasa fursunoni a gaba da ƙafa cikin ƙanƙara, wanda ya faɗi a harbe shi, aka tarwatsa ɗakunan kisa da iskar gas da nakiya don ɓoye shaida. Waɗanda sojojin Sobiyet suka samu da rai a Auschwitz ranar 27 ga Janairu 1945 marasa lafiya ne da ba su iya tafiya ba. A wasiyyar da ya yi ranar 29 ga Afrilu 1945, kwana ɗaya kafin ya kashe kansa, umarnin da ya bar wa magadansa shi ne su riƙe dokokin jinsi su ci gaba da gaba da Yahudawa. Mutumin da aka ƙwace wa wuƙa ba a cewa ya yi afuwa.

Ki lura kuma da wani abu. Ɗanki yana tura maganar da ke cewa Hitila ya kashe su kuma ya yi daidai, sa'an nan yana cewa ba a kashe su ba, ƙarya ce. Duka biyun ba za su taru ba. Masu haɗa masa bidiyon nan sun san haka, ba su damu ba, don ba tarihi suke koyarwa ba. Mabiya suke nema, kuma sun gane fushi ya fi komai saurin yaɗuwa. Wasunsu 'yan wariyar launin fata ne na Turai da Amurka, waɗanda da za su haɗu da ɗanki a titin garinsu da dare, da Allah kaɗai zai cece shi. Wasu kuma namu ne, masu kiran kansu manazarta, ba su taɓa buɗe littafin tarihi ɗaya sun kai ƙarshensa ba, suna kwafo shara suna juya ta zuwa Hausa. Waɗannan su ne bokayen wannan fanni, kuma ɓarnarsu ba ta gaza ta mai sayar da jabun magani a tasha ba.

Adadin miliyan shida kuwa ba daga bakin waɗanda suka ci yaƙi kaɗai ya fito ba. Jamusawa mutane ne masu rubuta komai, kuma takardunsu ne suka fi kowa ba da shaida a kansu. Rahoton rundunarsu ne ya ce an harbe mutum 33,771 a kwarin Babi Yar kusa da Kiyef cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba 1941. Wani kwamanda mai suna Karl Jäger ya aika rahoto ranar 1 ga Disamba 1941 daga Lituwaniya, ya jera gari bayan gari, rana bayan rana, maza kaza, mata kaza, yara kaza, jimilla 137,346. Akwai saƙon wani hafsa, Hermann Höfle, wanda Ingila ta tare a Janairu 1943, ya ba da lissafin sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942: mutum 1,274,166. Akwai muryar Himmler, shugaban rundunar SS mai kula da sansanonin, da aka naɗa a Posen a Oktoba 1943 yana gaya wa hafsoshinsa zancen ƙarar da Yahudawa, da kuma jawabin da ya yi wa manyan jam'iyya bayan kwana biyu, inda ya faɗi dalilin da ya sa ba za a bar yara ba. Rudolf Höss, kwamandan Auschwitz, ya ba da shaida da bakinsa a kotun Nuremberg, inda aka yi wa manyan Nazi shari'a bayan yaƙi. Waɗanda aka gurfanar a can, kariyarsu ita ce umarni aka ba ni, ko ban sani ba, ko ba ofishina ba ne. Ba su tsaya sun ce abin bai faru ba. Sai ga ƙidayar jama'a kafin yaƙi da bayansa: Polan tana da Yahudawa fiye da miliyan uku a 1939, wajen kashi 90 cikin 100 suka hallaka. Ina suka tafi? A shekarar 1996 wani marubuci Bature mai musun kisan, David Irving, shi da kansa ya kai ƙara kotu a Landan don an kira shi maƙaryaci. Aka baje takardu a shekarar 2000, ya faɗi ƙasa warwas.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Nakasassu da masu taɓin hankali, Jamusawa 'yan'uwansa, fiye da 70,000 aka kashe da gas zuwa Agusta 1941, don an ce cima-zaune ne. Fursunonin yaƙi na Sobiyet wajen miliyan 3.3 suka mutu a hannunsa, mafi yawa da yunwa. Ɗaruruwan dubban 'yan ƙabilar Roma, waɗanda ake kira Gypsy. Tarayyar Sobiyet gaba ɗaya ta rasa mutum wajen miliyan 27, cikinsu da Musulmin Tatar da Uzbek da Kazak ba iyaka.

Haɗarin da nake gani, Hajiya, ya wuce kuskuren tarihi. Abin da maganar nan take cusa wa yaro shi ne akwai al'ummar da laifinta a jininta yake, jaririnta da tsohuwarta duk sun cancanci mutuwa saboda abin da wasu daga cikinsu suka yi, ko za su yi nan gaba. Yaran da aka kashe a sansanonin nan, fiye da miliyan ɗaya, sun mutu kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Me suka yi wa Gaza? Allah Ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Ya ce a Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan tunani, don mun san ɗacinsa. Mun san yadda ake tare matafiyi a hanya a kashe shi don kamanninsa da harshensa, saboda laifin wani ɗan bindiga da bai taɓa gani ba. Mun san yadda ake kiran kowane Bafulatani ɗan ta'adda, kowane mai gemu abin zargi. Wanda ya ce duk Bagaze Hamas ne don ya halatta rusa gida a kan yara, da wanda ya ce Hitila ya yi daidai, hanya ɗaya suka bi. Yaron da ya saba da wannan lissafi a kan mutanen da ke nesa, wata rana zai yi shi a kan maƙwabcinsa na wata ƙabila ko wata ɗariƙa. Ga shi kuma kowane hoton Hitila da Musulmi ya ɗora kyauta ce ga masu cewa goyon bayan Falasɗinu ƙiyayyar Yahudawa ce kawai. Su ɗauki hoton shafin, su nuna wa duniya.

In jarumai yake nema a wannan yaƙi, akwai su. A Albaniya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, iyalai suka ɓoye Yahudawa a gidajensu bisa al'adarsu ta riƙon amana, har yawan Yahudawan ƙasar a ƙarshen yaƙi ya fi na farkonsa. Akwai Noor Inayat Khan, 'yar gidan malaman sufaye na Indiya, wadda ta yi aikin rediyon sirri a Paris, aka kama ta, ta ƙi tona kowa, aka harbe ta a sansanin Dachau na Jamus a Satumba 1944. Akwai kuma na gida. Rundunar Najeriya tana cikin waɗanda suka fatattaki sojojin Musolini daga Mogadishu zuwa Harar a 1941. Kakanki da 'yan'uwansa mazan jiya Japanawa suka yaƙa a dazukan Bama, abokan ƙawancen Hitila, shi ya sa tsofaffinmu ke kiran abin gaba ɗaya Yaƙin Hitila. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba, kuma ba a saka musu yadda ya kamata ba. Barikin Chindit da ke garinku daga wannan yaƙi ya samo sunansa.

Kada ki ƙwace wayar, kada kuma ki yi masa faɗa gaban ƙannensa, zai ƙara ƙanƙame abin ne ya koma yi a ɓoye. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da Gaza, ki nuna masa ke ma abin yana ci miki rai. Sa'an nan ki ba shi aiki ɗaya: ya kawo miki ranar da Hitila ya faɗi maganar nan, da garin, da sunan wanda ya ji. Ki ba shi mako guda. In ya dawo hannu rabbana, ki sa shi ya nemo abin da Hitila ya rubuta a kan baƙar fata da ya zama lauya, ya karanta miki da bakinsa. In akwai hoton kakanki da kayan soja ko lambar yabonsa a gidanku, ki ɗauko ki ajiye a gabansa lokacin da yake karantawa. Abin da ya ce bayan nan, ki sake rubuto mini.